Tambaya da Amsa: Mai Zanen da Ke Aiki a Filin Allah

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi sana'a ɗaya, wato ta mai zane da fentin mai wanda ke ɗaukar kayansa ya fita filin Allah, ya tsaya gaban dutse ko kogi ko gona, ya zana abin da idonsa ke gani a wannan sa'a. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ga hoton wani mutum tsaye a bakin kogi cikin rana, da allo a gabansa, yana zana bishiyoyin da ke ƙetare. Abin ya ɗaure mini kai. A zamanin da kowa ke da kyamara a aljihu, me zai hana shi ɗaukar hoto ya koma ɗaki ya kwafa a tsanake? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ita ce uwar sauran tambayoyin, saboda haka zan ɗan daɗe a kanta. Abin da ya fitar da mutumin nan daga ɗaki shi ne haske, domin bishiya da dutse za su jira shi har baɗi, amma yadda rana ta sauka a kansu da ƙarfe takwas na safe ba zai kai ƙarfe goma ba. A daidai wannan wuri kyamara take da rauni. Idan sama tana da haske ƙwarai, ƙarƙashin bishiya kuma akwai inuwa mai duhu, na'urar sai ta zaɓi ɗaya: ko ta fitar da sama ta bar inuwar baƙi ƙirin, ko ta fitar da abin da ke cikin inuwar ta mayar da sama fari fat. Wayoyin zamani suna ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar haɗa hotuna da dama su zama ɗaya, sai dai launin da suke bayarwa na lissafin na'ura ne, kuma gilashinsu yakan ƙanƙantar da abin da ke nesa, ta yadda dutsen da ya cika maka ido a fili zai koma ɗan tudu a hoto. Idon mutum kuwa yana shiga cikin inuwa ya ga shuɗin da sama ta zuba mata, ya ga jan da ƙasa ta mayar a ƙarƙashin ganye, sannan ya ɗaga ya dubi gajimare ba tare da ya rasa ko ɗaya ba. Wanda ya saba da kwafar hoto daga inuwarsa ake gane shi, domin kullum baƙa ce, ba ta da rai.

Masu zane sun fahimci haka tun kafin a ƙirƙiro kyamara. A shekarar 1800 wani malamin zane Bafaranshe, Pierre-Henri de Valenciennes, ya shawarci ɗalibansa a rubuce da su riƙa fita suna zana abin da suka gani kai tsaye, kuma kada zama ɗaya ya wuce awa biyu, idan kuwa fitowar rana ce ko faɗuwarta, to rabin awa. A Ingila, John Constable ya shafe lokaci mai tsawo a 1821 da 1822 a tudun Hampstead da ke arewacin Landan yana zana gajimare zalla da fentin mai a kan takarda, yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ta fito a bayan zanen. Mahaifinsa yana da injinan niƙa, ciki har da wanda iska ke juyawa, don haka tun yana yaro ya san cewa karanta sama ilimi ne da ake cin abinci da shi.

Abin da ya takura wa mutanen farko shi ne ɗaukar fenti. A da ana niƙa garin launi da mai, a ɗura shi a cikin mafitsarar alade a ɗaure, idan za a yi aiki a huda da ƙusa, abin da ya rage kuma ya bushe ko ya tsiyaye a hanya. A 1841 wani mai zane Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar kwanson kuza da ake matsawa, irin wanda muka sani yau da man goge baki, daga nan fenti ya zama abin da za a zuba a jaka a yi tafiyar kwanaki da shi. A shekarun 1840 ɗin nan ne kuma jirgin ƙasa ya fara haɗa Paris da karkara da bakin teku, masana haɗa sinadarai kuwa suna ta fito da sababbin launuka masu ƙarfi, shuɗi da rawaya da kore, a kan farashin da mai zane zai iya. Waɗannan abubuwa da suka haɗu su ne suka sauƙaƙa wa masu zanen da suka zauna a ƙauyen Barbizon, a gefen dajin Fontainebleau da ke kudu da Paris, mayar da daji wurin aikinsu. Ɗaya daga cikinsu, Charles-François Daubigny, har jirgin ruwa ya mayar ɗakin zane a 1857 domin ya riƙa kallon kogi daga tsakiyarsa.

Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne mai zanen Faransa Claude Monet. Daga ƙarshen 1890 zuwa 1891 ya zana tulin damman alkama da ke wata gona kusa da gidansa a ƙauyen Giverny kimanin sau 25, da safe da yamma, cikin hazo da cikin ƙanƙara. Yakan fita da alluna da yawa, idan haske ya juya sai ya ajiye wanda ke hannunsa ya ɗauki wanda ya dace da sabon yanayin. Damman ba su motsa ba, amma babu zane biyu da suka yi kama, kuma duk wanda ya ga an jera su zai gane cewa abin da ake zanawa shi ne sa'ar da aka tsaya a wurin. Ban ce kyamara ba ta da amfani ba. Tana riƙe wa mai zane siffar reshe ko tsarin gini idan lokaci ya ƙure. Amma ba ta koyar da gani, kuma gani shi ne jarin wannan sana'a.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce mai koyon zane, na fara fita waje da fentin mai, amma duk lokacin da na dawo sai in ga zanen ya zama taɓo, launuka sun cakuɗe, inuwa kuma ta rasa inda ta dosa. Mene ne nake yi ba daidai ba? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Malama, ina amsawa, kuma ina yi miki albishir cewa ciwon da kika kawo sananne ne, maganinsa ma sananne ne. Rana tana tafiyar kimanin digiri 15 a kowace awa, saboda haka inuwar da kika gani a farkon zama ta bar wurinta kafin ki gama shafa sama. Mai koyo yakan bi ta yana gyarawa, duk inda ta koma sai ya kai burushi, har zanen ya ƙare da safiya da hantsi da azahar a cakuɗe a allo ɗaya. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su yanke hukunci tun a minti goma sha biyar na farko: su shata inda inuwa take da fenti mai ruwa-ruwa, mai duhu, sannan su riƙe wannan shatin har ƙarshe ko da rana ta canza ra'ayi. Daga nan aikin ya koma rabi kallo, rabi tunawa.

Ki rage girman allonki. Wanda bai wuce santimita 20 da 25 ba ya isa, domin shi ne za a iya rufewa cikin awa biyu. Kafin ki taɓa fenti, ki yanke taga a jikin kwali ki leƙa ta cikinta ki zaɓi abin da za ki ɗauka, saboda fili ba shi da iyaka, allo kuwa yana da ita, kuma wanda ya so ya kwashe duka ba zai samu komai ba. Sannan ki yi ɗan ƙaramin zane da fensir, ki raba abin da ke gabanki gida huɗu ko biyar gwargwadon haske da duhu. Ki ƙanƙance idanunki har ganye ya daina zama ganye ya zama dunƙule guda. Wannan ƙanƙance ido shi ne kayan aikin da ya fi kowane burushi daraja, kuma ba a saye shi.

Akwai wata ƙa'ida da wani mai zane a Amurka, John Carlson, ya shimfiɗa a 1929, wadda har gobe ake koyarwa. Ya lura cewa sama ita ce tushen haske, don haka yawanci ita ce mafi haske a zane. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana bi mata domin tana fuskantar sama kai tsaye. Gangaren tudu ya fi ƙasa duhu domin a karkace yake karɓar haske. Abin da ke tsaye kuwa, kamar bishiya, shi ne mafi duhu. Ƙa'idar tana karyewa a wasu lokuta, misali idan rana ta yi ƙasa ta haska farin bango, amma ga mai koyo tana hana kuskure mai yawa. Ki haɗa ta da abin da iska ke yi wa nisa: duk abin da ya yi nesa duhunsa yana raguwa, launinsa yana dushewa ya karkata wajen shuɗi, gefensa kuma yana laushi. Idan kika zana tudun da ke can nesa da koren da kika zana ciyawar gabanki, zai taso ya zauna a kan hancin mai kallo.

Batun taɓo kuwa, daga abu uku yake zuwa. Na farko yawan launuka a faifan haɗa fenti. Fari da rawaya biyu da ja biyu da shuɗi biyu sun wadatar, kuma koren da kika haɗa da hannunki ya fi wanda ya fito daga kwanso kama da na gaske, musamman idan kika sa masa ɗan ja ya kwantar da shi. Na biyu dama fenti a kan allo. Ki haɗa launin a faifai, ki ɗora shi sau ɗaya, ki ɗauke hannu; idan bai yi ba, ki kankare shi da wuƙar fenti ki sake, maimakon ki yi ta shafa sabo a kan ɗanye. Na uku burushi mai datti, wanda ya fito daga duhu ya shiga haske ba a goge shi ba. Ki fara da duhu da fenti siriri, ki ƙare da haske da fenti mai kauri, kuma ki yi hattara da fari, domin yana kashe ɗumin launi idan ya yi yawa.

Abu na ƙarshe da mutane da yawa ba sa lura da shi: allonki da faifanki su kasance cikin inuwa ɗaya, ko ta bishiya ko ta laima. Idan rana tana dukan allo kai tsaye, ido yana ganin komai da haske fiye da yadda yake, sai ki yi ta ƙara duhu, ki koma ɗaki ki tarar da zanen kamar na dare. Farar riga ma tana mayar da ƙyalli a kan ɗanyen fenti, don haka tufa mai duhu ta fi dacewa da wannan aiki.

TAMBAYA: Malam, kwana nawa fentin mai ke yi kafin ya bushe, kuma yaya ake ɗauko ɗanyen zane daga daji ba tare da ya lalace ba? Daga wani mai sha'awar zane.

AMSA: Fentin mai ba ya bushewa irin yadda ruwa ke ƙafewa. Man da ke cikinsa, wanda yawanci ake tatsa daga ƙwayar wani tsiro da ake kira linsid, yana haɗuwa ne da iskar oksijin a hankali har ya daskare. Shafi siriri yakan daina kama hannu cikin kwana biyu zuwa mako biyu, gwargwadon launin. Masu ruwan ƙasa suna saurin kamawa, fari da wasu jajaye da rawaya suna jinkiri. Cikinsa kuwa yana ɗaukar watanni, shi ya sa ake jiran aƙalla wata shida kafin a shafa masa banish, wato man ƙyalli mai kare fuskar zane. Idan za ka yi shafi a kan shafi, na sama ya fi na ƙasa yawan mai, in ba haka ba saman zai riga ƙasan bushewa ya tsattsage.

Wajen ɗauka, akwai akwati mai tsaga-tsaga a ciki da ake zura alluna ba tare da sun taɓa juna ba. Wanda ba shi da shi sai ya haɗa alluna biyu masu girma ɗaya fuska da fuska, ya sa ɗan abin tokare a kusurwa huɗu, ya ɗaure. Idan ƙwaro ko ƙura sun faɗa a ɗanyen fenti, a bar su sai ya bushe sannan a cire. Tsumman da ya sha man linsid kuwa kada a dunƙule shi a jefa a kwando, domin zafin da yake fitarwa yayin daskarewa yana iya tayar da wuta. A shanya shi a buɗe ko a jiƙa shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, Malam. Ɗana ya ce wannan sana'a yake so ya riƙe, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Shin ana iya riƙe iyali da zanen bishiya da dutse? Daga wani mahaifi.

AMSA: Allah ya ƙara girma, Baba. Damuwarka tana kan hanya, kuma ba zan rufe maka gaskiya ba: ana iya rayuwa da ita, amma kaɗan ne suka rayu da sayar da zane kaɗai, kuma yawancin manyan sunayen da ake ambata akwai wanda ya tallafe su shekaru masu yawa. Camille Corot ya bar kasuwancin yadi ya kama zane yana da shekara 26 ne bayan mahaifinsa ya yanka masa faran 1,500, kuɗin Faransa na lokacin, a kowace shekara. Mahaifin Paul Cézanne mai banki ne. Vincent van Gogh kuwa ƙaninsa Theo ne ya riƙa aika masa kuɗi da fenti har ƙarshen rayuwarsa.

Ka dubi mutum biyu da suka yi zamani ɗaya, suka zana kogi ɗaya, kuma duka biyun suna cikin waɗanda suka baje kolin aikinsu tare a Paris a 1874. Monet ya sha talauci mai tsanani a ƙarshen shekarun 1870, yana rubuta wa abokai wasiƙun neman rance, amma ya samu dillali mai haƙuri, Paul Durand-Ruel, wanda ya riƙa sayen aikinsa lokacin da ba a so, sannan ya kai shi kasuwar New York a 1886. Zuwa 1890 Monet ya sayi gidan da yake haya a Giverny. Alfred Sisley kuwa, wanda a ganina babu wanda ya fi shi iya zana sama a cikinsu, ya tashi a gidan wadata, yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 ya karya kasuwancin mahaifinsa, ya rayu cikin rashi har ya rasu a farkon 1899. Shekara guda bayan rasuwarsa aka sayar da zanensa na ambaliyar ruwa a garin Port-Marly a kan faran 43,000. Ba ƙwarewa ce ta raba su ba. Idan ɗanka ya ji cewa an sayar da ɗaya daga cikin zanen damman alkamar Monet a kan sama da dala miliyan 110 a gwanjon New York a 2019, ka tuna masa cewa a lokacin mai zanen ya haura shekara 90 a kabari.

Masu wannan sana'a a yau yawanci hanyoyi da dama suke haɗawa. Suna koyarwa, suna karɓar aikin da aka ba su kwangila, suna sayar da ƙananan zane kai tsaye ta intanet, suna shiga gasa da tarukan da ake yi wa masu zanen waje, suna kuma ba gidajen baje koli aikinsu, waɗanda sau da yawa sukan ɗauki kusan rabin kuɗin. Wasu suna riƙe wani aikin na daban. A farkon ƙarni na 20 ma, Tom Thomson na Kanada ya yi aikin zanen tallace-tallace a Toronto, ya yi jagorancin masu kamun kifi da gadin gobarar daji a gandun dajin Algonquin.

Kada kuma a ɗauka aikin ba shi da amfani ga jama'a. Zanen da Thomas Moran ya yi lokacin da ya bi ayarin masu binciken ƙasa zuwa yankin Yellowstone da ke yammacin Amurka a 1871, tare da hotunan da aka ɗauko a tafiyar, sun taimaka wajen shawo kan majalisar Amurka ta keɓe wurin a 1872, kuma majalisar ta sayi babban zanensa a kan dala 10,000. A Faransa ma, koke-koken masu zanen Barbizon sun taimaka aka keɓe sama da hekta dubu na dajin Fontainebleau daga sara a 1861. Shawarata ita ce kada ka hana shi, amma ka sa masa sharaɗi biyu: ya riƙe wata hanyar samun abinci tare da zanen, kuma ya nuna maka cewa yana fita aiki a kai a kai har tsawon shekara, cikin zafi da sanyi. Sha'awar da ba ta jure wannan ba, da kanta za ta faɗi.

TAMBAYA: Malam, daga nesa aikin kamar hutu ne. Akwai wahala ko haɗari a cikinsa? Daga wata mai karatu.

AMSA: Akwai, Malama, kuma babban abokin gaba shi ne iska, domin allo a kan maɗorinsa mai ƙafa uku ba ya jure ta. Van Gogh, lokacin da yake Arles a kudancin Faransa a 1888, sai da ya riƙa kafa turakun ƙarfe yana ɗaure ƙafafun maɗorin saboda iskar da ke kaɗawa a yankin. Masu gyaran tsofaffin zane sun samu yashin bakin teku manne a fentinsa da na Monet, kuma a 2017 wani gidan adana zane a Kansas City ya sanar da cewa an gano gawar ƙaramar fara a cikin zanensa na bishiyoyin zaitun.

Wani lokaci abin ya wuce ƙwaro da yashi. A Nuwamban 1885 Monet yana aiki a gindin dutsen Étretat da ke bakin teku a arewacin Faransa, ya yi kuskuren karanta jadawalin cikar teku, igiyar ruwa ta buga shi da dutse ta tafi da kayansa, da ƙyar ya fito. Cézanne kuwa ruwan sama ya kama shi yana aiki a waje a Oktoban 1906, yana da shekara 67, ya faɗi a hanya aka kawo shi gida a keken masu wanki, ya rasu bayan kamar mako guda. Mutumin da hankalinsa ya tafi kan allo ba ya jin ƙishirwa, ba ya ganin hadari yana haɗuwa a bayansa, saboda haka ya kamata ya sanar da wani inda ya tafi, ya ɗauki ruwa da hula, ya kuma nemi izini kafin ya shiga gonar da ba tasa ba.

Akwai haɗarin da ba ya ihu, wato na kayan aikin kansu. Wasu launukan suna ɗauke da dalma ko kadmiyam, don haka ba a sa burushi a baki, ba a cin abinci da hannun da bai wanku ba. Tina da sauran ruwan tsinka fenti suna cutar da numfashi a rufaffen ɗaki, kuma ba a zubar da su a ƙasa ko a kogi. A mayar da su gida cikin kwalba mai murfi.

TAMBAYA: Malam, wani abokina ya ce duk zanen da aka ƙarasa a ɗaki ba na waje ba ne, yaudara ce. Haka ne? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ban yarda da abokinka ba, kuma tarihi ma bai goyi bayansa ba. A wurin mutanen farko, zanen waje abin karatu ne da ake ajiyewa a ɗaki, ba a ma kai shi baje koli. Corot ya zana rusasshiyar gadar Narni a Italiya a wurin a 1826, ƙaramin zane mai sauri wanda yanzu yake gidan adana zane na Louvre a Paris, sannan ya yi babba a ɗaki domin baje kolin 1827, ya gyara gaban filin, ya ƙara dogayen bishiyoyi da makiyaya da dabbobinsu; wannan babban yana Ottawa ta Kanada a yau. Mutane da yawa a zamaninmu sun fi son ƙaramin, ni ma ina cikinsu, amma Corot bai ɗauki ɗaya gaskiya ɗaya ƙarya ba. Monet da kansa, wanda ake kafa hujja da shi, ya ƙarasa zanen babbar majami'ar birnin Rouen da ya fara a 1892 da 1893 ne a ɗakinsa na Giverny, ya jera su yana daidaita launin wannan da na wancan. Thomson yakan shafe bazara da kaka a daji yana cika ƙananan alluna, ya bar kusan 400 irinsu, idan sanyi ya rufe tafkuna sai ya koma Toronto ya fitar da manya daga cikinsu.

Inda abokinka yake da ɗan gaskiya shi ne cewa gyaran ɗaki yana iya kashe zane. Hasken ɗaki daban ne, abin da ka gani kuma yana dushewa a ƙwaƙwalwa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai hannu ya koma zana abin da ya sani maimakon abin da aka gani, sama ta zama shuɗi ɗaya, ciyawa ta zama kore ɗaya. Saboda haka idan ka dawo da zane, ka jingina shi a bango ka bar shi har washegari, sannan ka taɓa abin da ya fito fili kawai, kamar gefen da ya yi kaifi fiye da kima ko ɗigon hasken da ke jan ido zuwa inda ba a so. Launukan da ka haɗa a gaban abin kada ka canza su. Idan kana son babban zane mai cikakken tsari, ka ɗauki sabon allo, ka ajiye ƙaramin a gefe yana yi maka shaida, ka rubuta kwanan wata da lokaci da yanayin sama a bayansa. Idan kuma gasa ka shiga wadda dokarta ta ce a gama komai a waje, to sai ka bi dokar, ka ajiye burushi a inda aka ce a ajiye.